Libarba babba: baƙa mai rini ko fara ta sitenles, wacce za ka zuba wa kuɗinka?

Wani ƙanina da shi ma yake zaune a nan Hustan ta jihar Teksas ya fi sati uku yana turo min hotunan libarba biyu a WhatsApp, wato bindigar hannu mai gangar harsashi mai juyawa, ɗaya Smith & Wesson Model 29, ɗaya kuma Model 629, kuma kullum tambayar ba ta canjawa, "Yaya dan Allah wacce zan ɗauka?" Duka biyun masu cin babban harsashin da ake kira .44 Magnum ne, kowacce harsashi shida take ci, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya. Abin da ya raba su shine ɗaya baƙa ce wuluk mai sheƙi wadda mutanen nan ke ce wa bulu, ɗayar kuma fara ce tas ta ƙarfen sitenles, irin wanda mu a gida in mun gani a kwano ko cokali muke cewa silba. Na gaji da amsa masa guntu guntu a waya, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta abin gaba ɗaya, tunda na riƙe duka biyun na shekaru kuma kowacce ta nuna min halinta.

Kafin komai, wannan magana ta mazauna Amurka ce da doka ta ba su dama. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta saka libarba da fistol a jerin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka in kana gida karanta don ilimi kawai. A nan ma ba kowa ba, dila mai lasisi ba zai sayar maka da bindigar hannu ba sai ka kai shekara 21, ka cike fom ɗin gwamnatin tarayya mai lamba 4473, an duba tarihinka. Mai girin kad, wato izinin zama na dindindin, da ɗan ƙasa suna iya saye, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi sai da wasu togaciya ƴan kaɗan, sannan kowace jiha da nata ƙarin. Ka tabbatar da matsayinka tukunna.

Toh menene ma bulu ɗin nan? Mutane da yawa sun ɗauka fenti ne, ba fenti ba ne. Tsatsa ce aka yi da gangan. Ana goge ƙarfen sai ya yi sumul, a tsoma shi cikin ruwan soda mai ƙarfi da wasu gishirai yana tafasa a wajen digiri 140 na ma'aunin Celsius, sai saman ƙarfen ya rikiɗe ya zama baƙar tsatsa mai kama jiki maimakon jar nan mai cin ƙarfe. Kaurinta bai wuce maikuron 1 zuwa 2.5 ba, gashin kanka ya ninka ta sau 20 ko fiye. Ni rini nake kiranta, domin duk wanda ya taɓa ganin rawani ɗan Kura ya san abin da nake nufi, shunin ne ya ba da launi amma sheƙin daga bugu yake zuwa. Haka ma bindiga, ruwan rinin kusan ɗaya ne a ko'ina, gugar da aka yi wa ƙarfen kafin a tsoma ita ce ke sa wata ta fito kamar madubi wata ta fito dishi dishi. Kuma wannan rinin shi kaɗai ba ya tare ruwa sosai, aikinsa shine ya riƙe mai, man ne ke tsare ƙarfen.

Sitenles kuma ba wani abu aka shafa a sama ba, ƙarfen ne da kansa aka haɗa shi da kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyam ɗin in ya haɗu da iska sai ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, in ka karce ta sai ta sake tohowa da kanta. Abin sha'awa, wanda aka fi jingina wa gano wannan ƙarfe, Harry Brearley na garin Sheffield a Ingila, a 1913 yana neman ƙarfen da bututun bindiga ba zai riƙa cinyewa da wuri ba ne ya faɗo kansa, amma wuƙaƙe da cokula ne suka fara morarsa. Sai a 1965 Smith & Wesson suka fito da Model 60, libarba ta farko da aka riƙa ƙerawa da yawa da sitenles. Ita .44 Magnum ta fito tun tsakiyar shekarun 1950, amma 629 sai ƙarshen shekarun 1970 ta zo. A tsarin kamfanin in ka ga lamba ta fara da 6, irin su 629, 686, 66, to galibi sitenles ce.

Abubuwan da nake aunawa in mutum ya tambaye ni: na farko tsatsa da irin yanayin garin da kake, na biyu yawan kulawar da za ta buƙata da kuma gaskiyar ko za ka yi, na uku yadda take jure gogayya da yadda ake gyara tabo, sai ƙarfin ƙarfen, sai kuɗi wajen saye da wajen sayarwa, sai ƙyalli a daji, sai kuma ko ana ma yin ta a girman harsashin da kake so. Kyau na bar shi a ƙarshe ba don ba shi da daraja ba.

Maganar ƙarfi bari in cire ta daga hanya tun yanzu domin a nan ake ɓata lokaci a banza. In daga kamfanin kirki ta fito, ko baƙa ko fara za ta ɗauki harsashin da aka rubuta a jikinta har jikokinka. Abin da ke ƙayyade ƙarfin libarba shine ƙirarta, kaurin bangon gangar harsashin da irin gashin wutar da aka yi wa ƙarfen, ba launi ba. Nauyi ma kusan ɗaya ne, in tsawon bututu ɗaya ne ƙira ɗaya ce hannunka ba zai ji bambanci ba, kuma dukan da take yi in ta tashi duk ɗaya ne. Wanda ya ce maka fara ta fi saiti ko baƙa ta fi saiti, ka ce ya kai ka filin harbi ya nuna maka a takarda.

Baƙa mai rini

A wajen tsatsa ita ce mai rauni, ba wani kwana kwana. Kuma abokan gabanta uku ne da na sani da idona, gumi, jini, da kube na fata.

Akwai wata baƙar .44 da nake da ita, na fita da ita farautar barewa a gabashin Teksas cikin watan Nuwamba, ranar ana ta yayyafi tun asuba. Allah ya ba mu sa'a, muka yi fiɗa a wurin, ni kuma da hannun nan nawa mai jini na gyara bindigar a ƙugu ban ma lura ba. Mun dawo gida wajen sha biyun dare a gajiye liƙis, na cire harsasai na mayar da ita cikin kuben da ya sha laima, na saka a akwati mai soso na kulle, da niyyar gobe da safe zan goge. Aiki ya taso, sai bayan kwana huɗu na buɗe. Jikin gangar duk ya yi ɗigo ɗigon ja kamar an barbaɗa barkono, ga shatin babban yatsana ɓaro ɓaro a gefen firam, wato gangar jikin bindigar, har layukan yatsan ana gani, inda jinin ya taɓa kuwa rinin ya tashi ya bar fari fari kamar kwabo. Na zauna da mai da lallausan sosan ƙarfe mai lamba 0000 ina shafawa a hankali, jan ya fita, amma ƙananan ramuka biyu suna nan har yau, in na shafa da farce ina jin su. Wallahi ranar abincin dare bai shiga ba. Kwana huɗu kacal.

Kaga kenan kulawarta ba wai mai wahala ba ce, mai naci ce. Duk lokacin da hannu ya taɓa ta, a goge da ƙyalle mai ɗan mai kafin a ajiye. Minti biyu ne. Amma minti biyun nan ba a ɗaga su zuwa gobe. Kuma akwai masu gumi mai gishiri sosai, in kana cikinsu ka sani, agogonka da bakin bel ɗinka sun riga sun faɗa maka. Ba a ajiye ta a kuben fata, ba a barin ta a akwatin soso, a cikin sef kuma a saka abin tsotse laima. Duk wani abu mai tsami, ruwan khal, lemon tsami, maganin cire tsatsa, yana wanke rini nan take tunda shi ma rinin tsatsa ne.

Amma fa yanayin gari yana canja lissafin sosai. Mu nan Hustan iskar ma jiƙe take, kamar Legas ko Fatakwal. Wanda ke Arizona ko Nebada, inda iska ta bushe kamar Kano da hunturu, zai iya riƙe baƙa shekara da shekaru da ɗan shafa mai jefi jefi bai taɓa ganin ja ba. Shi yasa in ka ji mutum biyu suna musu, ɗaya na rantsuwa baƙa ba ta da matsala ɗaya na rantsuwa tana da ita, ka tambaye su garin da suke kafin ka ba wani gaskiya.

Gogayya kuwa dole ta ci ta. Saka ta da zare ta a kube zai fara farar da bakin bututun da gefunan gangar, sannan akwai wani siririn layi da ke zagaye gangar inda ɗan makullin da ke tsayar da ita yake gogawa, a baƙa yana fitowa fari ƙal tun a watannin farko. Wannan ba lalacewa ba ce, kowace libarba tana yi. Ni a ganina ma baƙa ta fi iya tsufa, in ta sha hannu tana yin wani irin kwarjini kamar tsohon takobi. Matsalar ita ce gyara. Ƴar kwalbar rinin sanyi da ake sayarwa tana rufe ƙaramin tabo, amma launin ba ya zuwa ɗaya kuma ba ya daɗewa. Rini na gaske sai an kai wa magyarin bindiga ya warware ta kaf, ya goge, ya sake tsomawa, kuɗin ya kan shiga ɗaruruwan daloli, kuma in ya cika hannu wajen guga sai rubutun jikinta ya dushe gefuna su yi laushi.

A kuɗi, kar ka ɗauka baƙa ce kullum mai araha. A libarbar Super Blackhawk ta kamfanin Ruger, wadda ta fito tun 1959, baƙar ta fi farar sauƙi. Amma a Smith & Wesson sabuwar Model 29 ta kan fi 629 ta yau da kullum tsada, saboda aikin guga da mariƙin katako, su biyun dai ka shirya wajen dala 1,000 ko sama. Wajen sayarwa baƙa tana da fuska biyu, in ta tsira da rininta na asali masu tara tsofaffin bindigogi za su biya da kyau, musamman ƴan kafin 1982 masu ɗan fil a gindin bututu, in kuwa ta yi tabo farashin ya faɗi, in an sake rina ta ma a wajensu darajar ta ragu ko da ta fi da kyau.

Wani alherinta da ba a cika faɗa ba: in ta hannu za ka saya, baƙa ba ta iya ɓoye tarihinta. Ka ɗaga ta a haske za ka karanta yadda mai ita ya riƙe ta.

A daji ba ta ƙyalli sosai. A kyau kuwa, gaskiya ni dai ban ga abin da ya kama ƙafar baƙar libarba mai mariƙin katakon goro ba, shi yasa har yau ake ambaton rinin da kamfanin Colt suka yi wa libarbarsu Python ta 1955 wanda suke kira Royal Blue.

Fara ta sitenles

Abu na farko da zan gyara wa mutane, tana yin tsatsa. Ba irin ƙarfen tukunya da cokali ba ne. Na kicin yawanci dangin 300 ne mai nikel, ya fi ƙin tsatsa amma ba ya taurara da wuta. Na bindiga yawanci dangin 400 ne irin su 410 da 416, an rage masa juriyar tsatsa don a samu tauri, shi yasa in ka kai maganaɗisu jikinta zai kama. Sannan ba komai na cikinta ne sitenles ba, sifirin da wasu ƙananan kayan ciki da saitin sama sau da yawa ƙarfen yau da kullum ne.

Wani abokina mai zuwa kamun kifi bakin tekun Galbeston yana da fara, yana alfahari bai taɓa shafa mata mai a waje ba. Ranar da muka kwance mariƙin roban don ya canja wani, ƙarƙashinsa duk ya yi ja, har gishiri ya bushe fari fari a lungun, sifirin ma ya fara kamawa. Roba tana riƙe gumi da ruwa a inda iska ba ta shiga, fatar kuromiyam ɗin nan kuwa sai da iska take tohowa. Amma ka lura da bambancin, shi nasa sakacin na kusan shekara biyu ne a bakin ruwan gishiri, kuma mun goge ya fita saura ɗan dishi. Ni nawa na kwana huɗu ne ya bar rami. Wannan shine ainihin abin da kake saye in ka sayi sitenles, tana yi maka uzuri. Ka dawo a gajiye ka bar ta sai jibi, ba ta riƙe ka a zuciya.

Kulawarta ta fi sauƙi amma tana da nata abin haushi, datti yana nunawa. Ka harba ganga biyu kawai, fuskar gangar za ta yi baƙaƙen zobba a bakin kowane rami, gefen bututu ya yi hayaƙi hayaƙi. A baƙa ma suna nan, ba a gani ne kawai. Zobban nan ba sa hana komai, amma akwai masu zama su yi ta dirza da abin guga mai kaifi kowane sati don ta koma fara, wannan kuwa a hankali cin ƙarfen suke yi a wurin da tazarar ganga da bututu ke da muhimmanci. Ka goge abin da ya taru, ka bar launin. Akwai wani ƙyalle ruwan ɗorawa na cire dalma da yake fitar da zobban cikin sauƙi, yana da kyau a kan sitenles, amma in kana da baƙa a gida ka raba musu wuri, domin shafa ɗaya zai ɗauke rini. Kuma kar ka kai sosan ƙarfe na yau da kullum jikin sitenles, ɓurɓushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa a kai ka ɗauka bindigar ce.

A gogayya ta yi nisa. Tunda launin har ciki ɗaya ne, kube ba shi da abin da zai kankare, sai dai wurin ya ƙara sheƙi. In ta karce, irin mai gugar layi layi ɗin nan, da kanka za ka bi layin da lallausan soson Scotch-Brite mai ruwan toka ka saje shi cikin minti goma. Wadda aka yi wa feshin yashi ta fito dishi ita ce ba ta gyaruwa a gida, in ka goge wurin zai yi sheƙi ya bambanta. Wannan sauƙin gyaran shi ne kuma haɗarinta a kasuwar ta hannu, bindigar da ta sha dubban harsasai masu zafi za a iya goge ta ta dawo kamar sabuwa. Don haka in ta hannu ce kar fari ya ruɗe ka, buɗe gangar ka duba mashigar bututun ko ta tsage ko ta cinye, duba saman firam daidai inda wuta ke fita ko ya yi zurfin yanka, ka girgiza gangar gaba da baya ka ji ko tana wasa, kuma in ba ka iya ba ka tafi da wanda ya iya.

Akwai tsohon ƙorafi cewa sitenles da sitenles in suna gogar juna suna cizon juna. An yi fama da hakan a farkon zamanin, musamman a fistol masu zamewa, yanzu kamfanoni sun san yadda suke bambanta taurin sassan, ɗan ɗigon mai ya wadatar. Masu cewa kunamar baƙa ta fi laushi, yawanci tsohuwar baƙa suke kwatantawa da sabuwar fara, kuma tsofaffin nan an fi saka musu aikin hannu, ba launin ba ne.

Ƙyalli a daji, eh tana yi, musamman mai gugar madubi. Amma libarba a kube take zama har lokacin da za a zare, kuma barewa motsinka da warinka take fara kamawa. Saitin sama a yawancinsu baƙi ne. Ban taɓa rasa nama saboda farin bindiga ba. In abin na damunka ka nemi mai dishi.

Sai babban abin da ke yanke gardama ga wasu tun kafin a fara: in ka haura .44 Magnum zaɓin ya kusa ƙarewa. Matsin da harsashin .44 Magnum ke yi a cikin ganga in ya tashi, a ma'aunin matsi na psi, iyakarsa 36,000 ne, na .454 Casull ya kai 65,000, na .500 S&W Magnum 60,000. Model 500 da ta fito a 2003 sitenles ce, Model 460 ta 2005 haka, Freedom Arms Model 83 da ake yi a Wayomin tun 1983 haka, Ruger Super Redhawk ta 1987 da ƙanwarta Alaskan mai guntun bututu inci 2.5 duk haka. Ko a .44 ɗin ma, Ruger Redhawk ta 1979 da Colt Anaconda ta 1990 da sitenles suka fara. Ba wai baƙin ƙarfe ba zai iya ɗauka ba ne, masu sayen irin waɗannan mutanen ruwa da dusar ƙanƙara ne, kamfanonin kuma sun bi kasuwa.

Ga shi a taƙaice:

| Ma'auni | Baƙa mai rini | Fara ta sitenles |
|---|---|---|
| Tsatsa | Kwanaki kaɗan na sakaci sun isa | Tana yi, amma a hankali, galibi ƙarƙashin mariƙi |
| Kulawa | Gogewa da mai duk bayan taɓawa | Jefi jefi, da kwance mariƙi lokaci lokaci |
| Datti | Ba ya nunawa sosai | Zobban hayaƙi na fitowa nan da nan |
| Gogayyar kube | Rini na tashi a gefuna | Ba abin da zai tashi |
| Gyaran tabo | Sai magyari, da tsada | Yawanci a gida |
| Ƙarfi da nauyi | Kusan ɗaya | Kusan ɗaya |
| Kuɗin sabuwa | Ya danganta da kamfani | Ya danganta da kamfani |
| Sayarwa | Mai tsabta na tsada, mai tabo na faɗuwa | Farashi ba ya tangal tangal sosai |
| Sayen ta hannu | Tarihinta a fili | Ana iya ɓoye shan wahala |
| Sama da .44 Magnum | Da wuya a samu | Kusan duka |

Akwai hanya ta uku, a sayi baƙa a kai a yi mata fenti mai tauri irin Cerakote, ko a nemi tsohuwa mai ruwan nikel. Fentin yana tare tsatsa da kyau a inda ya rufe, amma in za ka rufe rinin da fenti to me ya kai ka sayen baƙa tun farko? Sai dai in tsohuwa ce da ta riga ta lalace kana son ceto ta, nan kam yana da ma'ana.

Toh wa ya dace da wacce?

In wannan ce babbar libarbarka ta farko kuma ita kaɗai za ka mallaka, sitenles. In kana zaune inda laima take, Teksas ta gabas, Luwiziyana, Fulorida, ko bakin teku ko'ina, sitenles. In za ta kwana a ƙugunka ko a ƙirjinka cikin daji saboda babbar dabbar nan beyar, a Alaska ko Montana, ruwa na dukanka kwana uku ba wurin shanya kaya, ba ma sai an tambaya ba. In .454 ko .460 ko .500 kake nema, kasuwa ta riga ta zaɓa maka. In kuma ka san kanka, ka san motarka sai ta fara ƙara kake tuna juyen mai, kar ka yaudari kanka cewa bindiga za ta canja maka hali, ɗauki fara.

Baƙa ta wanda filin harbi yake zuwa ranar Asabar ya dawo gida da wuri, ya tabbatar ba harsashi a ciki, ya baza jarida a tebur ya zauna yana gogewa kuma zaman na masa daɗi. Ta mazaunin busasshen gari ce. Ta mai son tara tsofaffi ce da ke neman abin da darajarsa za ta tsaya in ya kiyaye shi. Ta kuma mai ƙaramin kasafi ce da ya samu baƙar Super Blackhawk ko wata ta hannu mai tsabta a farashi mai kyau, wannan ya saya kawai, ragowar kuɗin ya sayi sef mai makulli saboda yara, da abin toshe kunne mai kyau domin .44 Magnum ba ta wasa da dodon kunne, da harsasan koyo.

Shi ƙanin nawa direban babbar mota ne, sai ya yi kwana goma bai kwana a gida ba, gidansa kuma bai fi tafiyar awa ɗaya zuwa teku ba, kuma farauta yake son bi na a Nuwamba. Na ce masa 629. Ya ce amma Yaya baƙar ce ke shiga raina. Na ce na sani, ni ma ita ce, ka zo gida ran Lahadi bayan la'asar in ɗora maka tawa a hannu, ka shafa farcenka a kan ramukan nan biyu, sannan mu tafi shagon tare.